Me Ke Kaɗa Igiyoyin da Ke Jikin Rana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Agege, nan Legas. Na ga wani bidiyon rana inda wasu abubuwa masu lanƙwasa kamar baka suke fitowa daga jikinta suna rawa. Mene ne su, kuma me ke kaɗa su?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Rana iskar gas ce da tsananin zafi ya wargaza ƙwayoyinta har ta zama mai ɗauke da lantarki, wadda masana ke kira filasma. Ƙarfin maganaɗisu yana kunno kai daga cikinta a ɗaure kamar dami, ya lanƙwasa ya koma, filasmar kuwa ta bi hanyarsa tana haske. Abin da ka gani ke nan, kuma yana cikin rawanin rana ne, wato farin hasken nan da mutanen Gusau da Katsina suka gani ya kewaye wata a husufin rana na 29 ga Maris, 2006.

Ka tuna da tsirkiyar gurmi. Idan makaɗi ya taɓa ta, sai ta yi ta kai da komo, kuma gwargwadon ɗaurinta da kaurinta ne sautin ke fita. Igiyoyin maganaɗisu ma a ɗaure suke tamau, saboda haka idan wani wuri ya yi bindiga kusa da su, sai su ɗauki rawa. Hannes Alfvén, masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, ya yi hasashen irin wannan motsi tun 1942, amma sai a Yulin 1998 tauraron ɗan Adam na TRACE ya ɗauki hoton baka tana lilo gefe da gefe, kowane zagaye kimanin minti 5, kafin ta lafa bayan 'yan zagaye kaɗan. Akwai kuma wata rawar da igiyar ke kumbura tana tsukewa a inda take.

A ganina, amfanin abin ya fi kyan kallonsa. Maganaɗisun rawanin rana yana da wuyar aunawa kai tsaye, to amma kamar yadda gwanin kiɗa ke gane ɗaurin tsirkiya da jin sautinta kawai, haka masana ke lissafa ƙarfinsa daga tsawon bakar da saurin lilonta. Suna kuma zargin cewa wannan motsi yana da hannu a wani abin mamaki: zafin fuskar rana bai wuce digiri 5,500 ba, alhali rawanin da ke samanta ya haura digiri miliyan 1, kuma har yau ana muhawara kan ko motsin igiyoyin ne ke kai zafin can.