Ɗana yana ɗauke-ɗauke, likitar kuma wasa kawai take yi da shi

Assalamu alaikum Anti,

Ina rubuto miki ne daga Ingila, inda nake zaune da maigidana da 'ya'yanmu uku, domin abin ya kai ni maƙura. Babban yarona mai shekara tara ya tsiri halin ɗauke-ɗauke: yau fensirin wani a makaranta, gobe kuɗi a jakata, har ɗankunnena na taɓa samu a ƙarƙashin matashinsa, alhali babu abin da ya nema ya rasa a gidan nan. Makaranta ce ta tura mu wajen wata likitar halayyar yara, aka ce za ta riƙa ganinsa sau ɗaya a mako, na minti hamsin.

Watanni ke nan muna sintiri cikin sanyin nan, amma ba ta ba shi ko ƙwaya ɗaya ba, ba ta yi masa faɗa ba, ba ta ce da ni in yi kaza ko in bar kaza ba. Akwati ta ware masa mai 'yan tsana da dabbobin roba da takarda da almakashi, ya zauna yana wasa tana kallonsa. In na tambaye ta abin da ya faɗa, sai ta ce sirrinsa ne. Yaron da na haifa, a ce yana da sirrin da baƙuwa za ta sani ni ban sani ba? Sannan ni da na kai yaro, ni ake tambaya yadda aka rene ni da wanda ya yaye ni. Ina ruwan ƙuruciyata da fensirin da ya ɗauka? Tun da muka ɗauko shi daga wajen Hajiya yake haka, ni kuma ba mai sakar wa ɗan fari fuska ba ce, haka aka tarbiyyantar da mu. Babansa ya ce ɓata lokaci ne, a mayar da shi gida ya sha bulala ya shiryu. Wasa fa kawai suke yi, Anti, wasa! Shin in daina kai shi?

Uwa mai damuwa

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Ba zan ce babansa ba shi da hujja ba, domin sata aibi ce, kuma kowane uba yana tsoron ta bi ɗansa har girma. Sai dai a duk wasiƙarki, maganar da ta tsaya mini a rai ita ce wadda kika wuce da gudu: "tun da muka ɗauko shi daga wajen Hajiya". Yaron nan ya rabu da uwa sau biyu ke nan, ranar da kika bar shi da ranar da kika raba shi da wadda ta maye gurbinki, sannan ya tarar da ƙanne a kan cinyarki, ke kuma kina jin kunyarsa.

A shekarar 1944 wani likitan Ingila, John Bowlby, ya wallafa bincikensa a kan yara 44 masu sata a Landan, ya gano cewa 17 daga cikinsu sun yi doguwar rabuwa da uwayensu kafin su cika shekara biyar, alhali a cikin wasu yara 44 da ba sa sata biyu ne kacal suka yi irin wannan rabuwa. Donald Winnicott, shi ma likitan yara ne, ya koyar da cewa yaron da ke irin wannan sata uwa yake nema, wadda yake ganin haƙƙinsa ce aka ƙwace masa. Ki duba abin da ya ɗauka: ɗankunnenki, bai sayar ba, bai jefar ba, ya sa shi inda yake ɗora kansa.

Wasan da kike rainawa kuwa shi ne aikin. Babba yana zama ya yi ta magana har a gano tsohon ciwon da ke juya halinsa bai sani ba, yaro kuwa ba shi da kalmomin, shi ya sa tun zamanin Melanie Klein, wata masaniyar halayyar yara, ake ba shi kayan wasa ya faɗi da hannunsa. Likitar tana lura da 'yar tsanar da yake ɓoyewa, da yadda yake yi mata fushi in za ta tafi hutu, domin abin da yake ji game da ku zai riƙa sauke mata, ita kuma ta mayar masa da shi cikin magana. In ta kwashe sirrinsa ta ba ki, ya daina buɗe baki ke nan.

Ku kuma iyaye masu karanta wannan amsa, riƙo da yaye a gidan kaka al'adunmu ne masu alheri, amma mun saba miƙa yaro mu karɓo shi ba tare da an yi masa bayani ko sallama ba, muna cewa bai san komai ba. Ya sani sarai. Kunyar ɗan fari kuma ta yi amfani a babban gida, inda kaka da goggo ke rungumar wanda uwa ta kau da kai daga gare shi. A gidan haya na ƙasar waje babu mai yin wannan sai ke.

Kada ki yanke zuwan, kada kuma a mayar da shi gida da sunan horo, domin rabuwa ta uku za ta zame masa. Ki nemi likitar ta haɗa ku da abokin aikinta mai zama da iyaye, ki je tare da babansa, ki amsa tambayar yayen nan da gaskiya. A gida ki hana shi sata ba tare da duka ba, ki riƙa kiran Hajiya a waya kina ba shi su gaisa, ki kuma zaunar da shi ki gaya masa dalilin da ya sa kuka bar shi a can.