Muryar Anti Nas kan asusun jaje: abin da ta gani a Kurawilangad

Ga muryar da Anti ta turo da safen nan. Na rubuta ta ne saboda waɗanda murya ba ta buɗe musu. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Assalamu alaikum warahmatullah. Baba Shugaba, ina kwana. Iyayena da yayyena da ƙannena na wannan gida, ina gaishe ku da kyau. Ku yi haƙuri da muryata, yanzu na sauko daga aikin dare.

Na saurari Ma'aji yana kukan cewa wata huɗu ke nan asusun jaje bai motsa ba. Na kuma ji tambayar Yaya Malam, da ya ce ke da kike aiki da Indiyawa a Ingila, me ya sa idan nasu ya rasu kafin kwana biyu sun haɗa kuɗin kai gawa gida, ko kuɗi ne suka fi mu? To Yaya Malam, albashinmu ɗaya da su, layi ɗaya muke bi ranar biya. Bari in gaya maka abin da idona ya gani, don na je har garinsu na kwana goma sha biyu.

Da farko dai, yawancin waɗannan nas-nas ɗin 'yan jiha ɗaya ne, Kerala, can ƙarshen kudu maso yammacin Indiya a bakin teku. Yarensu Malayalam, ba yaren da muke ji a fim ba ne. Kuma da yawansu Kiristoci ne. A ƙidayar 2011, Kiristoci a duk Indiya kashi biyu ne da ɗan ɗoriya cikin ɗari, amma a Kerala sun haura kashi 18, Musulmi kuma sun haura kashi 26. Iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 za su tuna malaman lissafi da kimiyya Indiyawa da aka kawo Arewa. To da yawa daga cikinsu mutanen can ne. Kuma Kiristancinsu ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Su a wajensu, Toma, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa alaihissalam, shi ya sauka a gaɓar tekunsu a shekara ta 52. Har yau akwai Suryaniyanci a cikin ibadarsu, babbar ibadar ma Kurbana suke ce mata. Wanda ya yi Larabci ya ji kalmar.

Wadda ta kai ni, ita ta karɓe ni ranar da na fara aiki a wannan asibitin. Ta girme ni, ina ce mata Cheechi, wato Yaya. Gidansu na wani ƙauye a gefen Kurawilangad, ƙaramin gari ne mai nisan kilomita ashirin da 'yan kai daga birnin Kottayam. Na bi ta hutu a watan Fabrairun 2019, bayan babbar ambaliyar da ta ci jihar a Agustan 2018. Ƙasa ce ta tuddai, ko'ina kore shar, bishiyar roba da kwakwa da ayaba. Babanta tun kafin asuba yake fita da fitila a goshi yana tsaga jikin bishiyar roba, farin ruwan yana ɗiga cikin ɗan kofin da aka ɗaura. Abincinsu na yau da kullum har da rogo, kappa suke ce masa, a dafa shi ya yi lugub a ci da miyar kifi mai yaji.

Daren farko mamanta ta share min ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kama hannuna ta juya ni ta nuna min yamma. Na tsaya ina kallonta. Ashe tun kafin mu iso ta aika an tambayo mata wani mahauci Musulmi inda alƙibla take, kuma a wajensa ta riƙa sayen naman da za a dafa min. Ni da na tashi da sanin gabas, sai ga ni ina fuskantar yamma, an ɗan karkata arewa. Wallahi har yau idan na tuna wannan tsohuwa sai zuciyata ta karye. A yarensu ma, coci palli, masallaci palli. Azuminsu nombu, na Ramadan ma nombu. Bikin coci perunnal, sallarmu ma perunnal.

To yanzu zancen da ya kawo ni. Abin da ya riƙe mutanen nan shi ne idawaka, wato cocin yankinku da aka rubuta sunan gidanku a ciki. Kowane gida yana cikin littafi. Ranar da aka yi maka wankan baftisma, ranar aurenka, ranar da aka binne ka, duk a nan. Kowane gida kuma yana da sunansa na gado wanda ake kiran mutum da shi kafin sunan yanka, ko ya je Kuwait ko Ayalan, da an ji sunan gidan an san ɗan waye. Maƙabarta tana jikin coci, wasu gidajen suna da kabarin zuri'a. Cheechi ta kai ni na ga na kakanninta. Ta nuna min ta ce nan baba zai kwanta. Shi ya sa kai gawa gida ba abin shawara ba ne a wajensu, wurin yana nan yana jira.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ƙarami ne. Sun kasa idawaka gida-gida, kamar a ce unguwa-unguwa, suna kiransa kudumba kuttayma, wato haɗuwar iyalai. Nasu Cheechi gida talatin ne da wani abu. Sau ɗaya a wata ake haɗuwa, wannan watan a gidan wane, wata mai zuwa a gidan wance. Allah ya sa ya faɗo a gidansu ina nan. Da la'asar aka jera kujerun roba a tsakar gida, aka kunna doguwar fitilar tagulla mai lagwani da mai. Suka yi addu'o'insu, ni ina kicin da 'yan mata muna zuba shayi. Da suka gama sai wata mata, malamar firamare ce mai ritaya, ta buɗe wani littafi mai bangon kwali da ya sha hannu, ta fara kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya. Gida kaza? Ga mu. Gida kaza? Shiru. Wani ya ce tsohon ƙafa ta kumbura, 'ya'yan duk suna waje. Nan take, ba a tashi ba, aka ce wane kai za ka kai shi asibiti ranar Talata, wance ke za ki kai abinci. Ta rubuta. Sannan aka zagaya da ɗan kwano, kowa ya saka abin da bai kai kuɗin shayi biyu ba. Ta ƙirga a gaban kowa, ta faɗi jimla da ƙarfi, ta rubuta, wani ya sa hannu.

Ma'aji, ka ji fa. Kuɗin kaɗan ne ƙwarai. Amma ba a taɓa tsallake wata ba, kuma ba a taɓa tashi ba a san wanda bai zo ba da dalilinsa.

Mamanta ta nuna min wata tsohuwar tukunya a lungun kicin, ta ce a zamaninsu duk sanda za a ɗora shinkafa, sai uwar gida ta ɗebi cikin tafin hannu ɗaya ta zuba a nan. Pidiyari, shinkafar tafin hannu. Idan ta taru a kai coci, da ita ake ciyar da marasa hali da 'yan makaranta. Akwai wani malamin cocinsu, Kuriyakos Chawara, wanda ya rasu a 1871, shi ake dangantawa da yaɗa wannan al'ada, da kuma matsa wa kowane coci lamba ya buɗe makaranta a gefensa. Ku dubi abin da ya haifar. A 1989 aka ayyana Kottayam a matsayin gari na farko a Indiya da kowa ya iya karatu da rubutu. Yaran waɗannan makarantu ne yau suka cika asibitocin Saudiyya da Dubai da Ingila. Adashi ma suna yi, chitti suke ce masa, har gwamnatin jiha tana da kamfanin adashi nata.

Kuɗin coci kuma ba a aljihun fada, limamin cocin, yake ba, achan suke ce wa fada, wato baba. Akwai taron magidanta, palliyogam, akwai amintattun da ake zaɓa daga cikin jama'a, kaikkaran, su ke riƙe makulli da lissafi na ɗan wa'adi sannan su sauka. Na ga takardar shiga da fita manne a allo a bakin ƙofa, kowa ya zo wucewa ya karanta.

Sai bikin da ya sa Cheechi ta zaɓi wannan watan. Suna da azumin kwana uku, Litinin zuwa Laraba, Munnu Nombu, na tunawa da Annabi Yunusa alaihissalam a cikin kifi da tuban mutanen Ninawa. Babban cocin Kurawilangad, Marta Mariyam, shi ya fi shahara da shi. A gabansa akwai gicciyen dutse da ya haura ƙafa arba'in, mutane na zuba mai a gindinsa suna kunna wuta. Ranar Talata da rana ake fito da jirgin ruwa na katako, da tutoci da komai. Na tsaya can gefe a inuwar wani shago ina kallo. Ɗaruruwan maza sun ɗauke shi a hannu, su ruga gaba, su dawo baya, su karkata shi dama da hagu kamar igiyar ruwa na wasa da shi, ga ganguna, ga laimomi masu ado ja da ruwan zinariya, ga giwaye. Sai an jefar da siffar Yunusa sannan jirgin ya lafa. Ni a matsayina na Musulma wannan ba hanyata ba ce, kuma sun sani, ba wanda ya ce in matso. Abin da na lura da shi shi ne, ɗaukar jirgin nan haƙƙin mutanen ƙauye ɗaya ne, Kadappur, gado ne tun kakanni, wasu gidajen kuma nasu laima, wasu wani abin. Kowa da abin da idan bai zo ba za a ga gurbinsa. Saurayi yana aiki a Dubai zai ɗauki hutu ya sayi tikiti don kawai ya sa hannunsa a jikin katakon nan.

Da suka fita ƙasashen waje sai suka tafi da tsarin gaba ɗaya. A nan Ingila tun 2016 cocinsu na Siro-Malabar yake da bishop nasa a garin Preston, a Amurka kuma tun 2001 a Chikago. A garin da nake, suna aron coci ranar Lahadi da yamma, yara na koyon addini, kuma an kasa su gida-gida kamar can. Ranar da mijin wata abokiyar aikinmu ya faɗi ya rasu, ba a buɗe sabuwar gidauniya ana roƙo ba. Mai littafin unguwarsu ta riga ta san gida nawa ne, wa zai kwana da matar, wa zai ɗauki yara daga makaranta, wa ya san takardun ofishin jakadanci. Achan na nan ya kira achan na gida. Kafin jirgi ya sauka a birnin Kochi na Kerala an gyara kabari.

Kada in yi muku rabin gaskiya, abin yana da nauyinsa. Ba a ɗaura maka aure sai da takarda daga cocinku, kuma Cheechi ta ce akwai wuraren da sai ka biya duk bashin gudummawar da ake binka kafin a ba ka, talaka yana jin wannan a jikinsa. Kuɗin da iyayen amarya ke bai wa gidan ango, dokar Indiya ta hana tun 1961, amma yana nan, sai dai a sake masa suna. Na san nas ɗin da ta yi shekaru tana aikin dare don ta aurar da ƙannenta mata. Gadon mace ma sai da wata mata 'yar Kottayam, Mary Roy, ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1986 aka ce 'ya mace ta ci daidai da ɗa namiji. Akwai kuma kallon asali, tsofaffin gidaje ba sa son haɗa aure da waɗanda kakanninsu suka fito daga ƙasƙantattun jinsi, wannan ya ɓata min rai sosai. Sannan gidaje manya-manya na bene, kuɗin waje ya gina, ka shiga ka tarar da tsoho da tsohuwa su biyu da waya a hannu suna jiran kira. Gidan su Cheechi ma haka yake. Da ba don taron watan nan ba, ban san wa zai leƙa su ba.

To Yaya Malam, ka ji amsata. Mu ba mu rasa zuciya ba, ranar da Inna ta rasu na ga abin da mutanen gidan nan suka yi, Allah ya saka. Amma mu sai an yi mutuwa muke neman lambar juna. Ko yanzu a tambaye mu gida nawa ne 'yan garinmu a Kaduna ko Abuja ko Legas, sai dai a yi kirdado.

Baba Shugaba, in an yarda, roƙona shi ne kafin a sake maganar kuɗi a fara rubuta gidaje. Kowane gari a samu mutum ɗaya mai littafi, gida ashirin ko talatin, a haɗu sau ɗaya a wata ko a waya ne, a kira suna, a ji wanda ba shi da lafiya. Kuɗin a rage shi ya zama abin da mai sayar da ƙosai ba za ta ji kunya ba, Ma'aji kuma ya riƙa manna lissafi a nan duk ƙarshen wata. Na nan Ingila mu gida tara ne da na sani, ni zan riƙe littafinmu, yau ɗin nan in na tashi barci zan fara kiran su. Wanda ya san wani namu a nan da ban sani ba, ya turo min ta gefe.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.