Motar lantarki a Yamai, ba wurin caji a gida

Ɗan'uwa, ka ce gidan haya kake a Talladje, babu inda za ka ja waya, kana tambaya ko za ka iya sayen motar lantarki ka dogara da wuraren caji na waje kaɗai. Ni dai ba zan ba ka wannan shawara ba tukuna.

Batirin motata kilowat-awa 50 ne. A firiz na gida mai volt 220 sai ya haura awa 20 kafin ya cika, amma da na sa akwatin caji mai kilowat 7, dare ɗaya ya isa. Daɗin motar ke nan. Wurin caji na waje kuwa, in kuran ya ɗauke shi ma ya mutu. Wata rana cikin Afrilu na yi awa biyu ina jira, gumi ya jiƙe mini riga, allon na'urar baƙi ƙirin, na lallaɓo gida da saura kashi 9 cikin ɗari. Ga kilim da ke shan batir a wannan zafin namu.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne bakin caji. Motocin da aka ƙera don kasuwar Sin bakin da ake kira GB/T gare su, na Turai CCS2, ɗaya ba ya shiga ɗaya. Je ka ga na'urar cajin da idonka kafin ka biya.

Tafiyar Tawa ta fi kilomita 500, ta Doso da Ƙonni; wannan bar wa motar esans.

In motar da za ka saya ta hannu ce, nemi makanike mai na'urar gwajin lafiyar batir. Ka kuma zauna da mai gidanka, in ya yarda, ƙwararren mai gyaran wuta ya duba ƙarfin kwantarku ya sa wayar ƙasa.