Yaya, ga amsarka kan karatun Mamana

Assalamu alaikum Yaya, ina fata kun wuni lafiya, ya jikin Hajiya, ya zafi. Na saurari saƙonka na murya har sau biyu a cikin bas ina dawowa daga aiki, sai na ce bari dai in zauna in rubuta a tsanake dan ita ma 'yarka Mamana ta karanta tunda maganar tata ce. Ka ce ta kafe sai irin karatun da na yi, kai kuma har yau baka gane ko likita ce ni ko nas ko mai gashin ƙashi ba, sannan kana so ka ji yadda mu Hausawan Manchesta muke yi da ɗiya mace in ta zo karatu ita kaɗai.

Toh ni dai ba ko ɗaya ba ce a cikin ukun. Sunan aikin okufeshonal terafi, mu OT kawai muke cewa. Mai gashi, wato fisiyo, shi ruwansa da ƙafar ta taka hannun ya ɗaga, ni kuma ruwana da me mutum zai yi da wannan hannun in ya koma gida, zai iya sa rigarsa, zai iya shiga banɗaki shi kaɗai, zai iya komawa shagonsa. Ka tuna lokacin da Baba, Allah ya ji ƙansa, ya samu shanyewar ɓarin jiki, mu ne muke ba shi abinci a baki, kai kake masa alwala, ko hula ya miƙa hannu zai ɗauka sai wani ya riga shi yana cewa bari Baba kar ka wahala. So ne ya sa muka yi haka kuma in sha Allah an samu lada, amma wallahi Yaya da na san abin da na sani yanzu da na bar masa cokalin nan ko da rabin kunun zai zube, domin hannun da ba a sa shi aiki ƙara mutuwa yake, kuma na sha ganin yadda yake sunkuyar da kai in ana goge masa baki.

Akwai wani dattijo musulmi da aka ba ni a nan, irin ciwon Baba ne sak. Na tambaye shi me yake so ya iya, ina zaton zai ce tafiya, sai ya ce shi dai ya yi alwala ba tare da surukarsa ta riƙe masa buta ba. A kan wannan muka yi aiki makonni. Na je gidan da tef na gwada tsayin gado da kujera da masai, aka kafa masa ƙarfen dafawa a bango, aka kawo doguwar kujera da zai ɗosana a gaban famfo, na koya masa in zai sa riga ya fara zura hannun da ya shanye in zai cire kuma ya fara da mai lafiyan. Ranar da ya gama alwalarsa tun daga wanke hannu har ƙafa, ni ina tsaye a bakin ƙofa ban taɓa shi ba, ya daɗe yana kallon hannun nasa ruwa na ɗiga. Turawan nan kuma da kofin shayi muke gwada su kafin a sallame su, a kai tsohuwa kicin a ce ta haɗa shayi, kana kallo ko za ta tuna ta kashe wuta, ko za ta iya ɗaga butar ruwan zafi. Aikin kenan, kuma ana yin sa a asibitin ƙwaƙwalwa da makarantun yara masu buƙata ta musamman ma.

Yanzu maganar karatun, nan ne nake so Mamana ta buɗe kunne da kyau dan nan mutanenmu suke faɗawa rami. Mastas iri biyu ne da suna kusan ɗaya. Akwai na shekara 1 wanda aka yi domin waɗanda dama can OT ne suna son ƙarin ilimi, wanda ya yi shi bai da digirin farko a fannin ya yi asarar kuɗinsa in dai aiki yake nema, ba zai samu lasisi ba. Nata shi ne na shekara 2, a jikin sunan kwas ɗin za ta ga an rubuta pre-registration, shi aka yi wa masu digiri a wani fanni kaman fiziyolojin da ta yi a BUK ko saikoloji. Brunel a Landan suna yi, Oxford Brookes, Sheffield Hallam, Leeds Beckett, Glasgow Caledonian duk suna yi, wasu a watan Satumba suke farawa wasu a Janairu. Kafin ta biya ko sisin kwabo ta shiga shafin HCPC, hukumar da ke ba mu lasisi, ta ga kwas ɗin yana cikin jerin waɗanda suka amince da su, domin a nan Birtaniya laifi ne ka kira kanka OT sunanka baya rajistarsu. Kar ta dogara da bakin ejan, na ga yarinyar da aka turo mata takardar gurbi tana murna ashe na shekara 1 ne, sai da ta iso ta gane.

Ka ambaci Amurka. Can ba a shiga aikin da digirin farko kwata-kwata, sai mastas ko dakta, ana neman gurbi ta shafin OTCAS, sai an nuna an yi wasu darussa tukuna irin anatomi da lissafin ƙididdiga, ga aikin asibiti na mako 24 sannan jarabawar samun lasisi ta NBCOT a ƙarshe. Hanya ce mai kyau amma ta fi tsawo ta fi tsada, kuma bamu da kowa a can.

Abin da za su nema a wajenta a nan, yawanci sakamakon digiri 2:1 ne, wasu na karɓar 2:2, sai jarabawar turanci ta IELTS maki 7 ba tare da wani ɓangare ya gaza 6.5 ba, ta yi haƙuri ta zauna ta yi shiri musamman rubutu dan nan yaranmu suka fi faɗuwa duk da turancinsu na da kyau. Sai takardar shaida daga malamanta, takardar 'yan sanda cewa bata da laifi, gwajin tibi saboda biza, allurar ciwon hanta kafin a bar ta ta shiga asibiti. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke kayar da mutane shi ne takardar da za ta rubuta ta bayyana dalilinta da kuma intabiyu, dan tambayar farko ita ce meye bambancin OT da fisiyo kuma a ina kika taɓa ganin aikin da idonki. In ta ce ina son taimakon mutane, kowa ma haka yake cewa. Shi ya sa nake roƙonka yanzu da ta gama bautar ƙasa ka bar ta ta je asibitin ƙashi na Dala, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ta nemi izini ta riƙa bin masu aikin tana kallo tana rubuta abin da ta gani kullum a ɗan littafi, ta karɓi takardar shaida in ta gama. Kuma jinyar Hajiya da take yi kar ta raina ta, ta ba da labarin a intabiyu yadda yake, ni ma labarin Baba na bayar.

Kuɗi kuma ba zan ɓoye maka ba. Yawancin makarantun kuɗin ɗan ƙasar waje ya haura fam 15,000 a shekara, sau 2, ga fam 776 na lafiya duk shekara da ake biya tare da biza, ga kuɗin zama na wata 9 da za a nuna ya kwana 28 a asusu bai motsa ba. Tallafin fam 5,000 da ka ji ana ba ɗaliban lafiya na 'yan gida ne, bai shafe ta ba, masu tallafin karatu na Chevening kuma kwas ɗin shekara 1 suke ɗauka. Kar kuma a lissafa cewa za ta yi aiki ta biya makaranta, awa 20 a mako biza ta yarda, kuma dole ta cika awa 1,000 a asibiti da gidajen mutane ba albashi, safe zuwa yamma, ta dawo ga rubutu na jiranta. Maganar da ka yi ta a ɗaura mata aure su taho tare, tun Janairun 2024 mai irin wannan mastas ba ya zuwa da miji ko mata ko 'ya'ya, wannan ƙofar an rufe.

Toh yadda muke yi a nan. Bamu da yawa kaman Yarbawa da Inyamurai, shi ya sa kusan kowa ya san kowa, kuma ɗalibi baya sauka a filin jirgi ba mai tarbarsa, da an sa a guruf ɗin WhatsApp wani zai ce ni ina hutu ranar. Mace kuwa gidan mai iyali take sauka har sai ta samu ɗaki da 'yan uwanta mata, ita Mamana ma ba sai an kai nan ba, ɗakin yaran nan na jiranta. Rigar sanyi ba a saya a shekarar farko, akwai jakar da ke yawo gida gida. Muna adashi duk wata, kuma in ɗaliba ta maƙale a kuɗin zango ana sakar mata ɗauka ko ba layinta ba ne, amma fa adashi cike giɓi yake, baya ɗaukar fam dubu talatin. Ranar Asabar akwai islamiyyar yara, nan iyaye ke haɗuwa a ci tuwo a ji waye ba lafiya waye ya samu aiki, in kwana biyu ba a ga yarinya ba za a buga mata waya.

Abu ɗaya da zai baka mamaki, a nan ba a jin kunyar aiki. Da yawanmu da aikin kula da tsofaffi muka fara, ni ma na yi, har da masu digiri biyu da 'ya'yan manya, wanka da canza zanin gado da komai, ba mai yi wa wani kallon banza dan ba 'yar aiki a gidan kowa, maigida ma shi ke kai yara makaranta in ina aikin safe. Na san a gida in aka ji sai a ce wance ta je Turai wankin kashi, yana min ciwo, domin a wannan aikin na koyi yadda ake ɗaga tsoho ba a ji masa ciwo ba kuma ba a ci masa mutunci ba, kuma shi ya taimake ni a intabiyu fiye da sakamakon digirina.

Tambayarka ta ƙarshe, e za ta yi aiki da maza, ba zan ce maka a'a ba. Za ta kama hannun da ya shanye, za ta tsaya kusa da tsoho yana koyon tashi daga gado. Da hijabina nake aiki, farar riga da koren wando, ba wanda ya taɓa cewa in cire, sai dai a ɗakin marasa lafiya ana so hannu ya zama a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa saboda ƙwayoyin cuta, akwai hannun riga na leda da ake sawa a yar, a azahar kuma ina sallata a ɗakin ibada na asibitin. Ni na tambayi malamai kafin in shiga na samu natsuwa, kai ma ka tambayi wanda ka yarda da shi ku zauna da ita ku yi maganar a fili tun yanzu, kar sai ta zo.

In ta gama ta so dawowa, hukumar MRTB ce ke rajistar masu aikin a Najeriya, kuma ka san irin yawan masu shanyewar ɓarin jiki da yara masu tangarɗar ƙwaƙwalwa da ke kwance a ɗakunan Kano ba mai koya musu komai, ni kaina wannan tunanin baya barina. Ta turo min sakamakonta na BUK da hoton fasfo a daren nan in duba darussan da ta yi, Lahadi bayan la'asar ɗinku zan kira. A gaida Hajiya, a ce mata maganin gwiwar na nan tafe, kuma dan Allah a bar ta ta riƙa ɗaura ɗankwalinta da kanta.