Kurman jirgi a saman tsakar gida

Tambaya: Barista, ranar bikin maƙwabtanmu a Anguwan Rogo, Jos, mai hoto ya tayar da ƙaramin jirgin nan mai kyamara, ya yi ta shawagi a saman gidanmu muna tsakar gida ba ko mayafi. In abin ya yawaita, ina za mu sa kanmu?

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya. Ginin Bahaushe, zaure da katanga da sallama kafin shiga, duk don idon da ke tafe a ƙasa aka yi su. Tsakar gida a buɗe take, wasu makewayin ma ba rufi, domin ba wanda ya zaci leƙe zai zo ta sama.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tayar da irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Sai Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, a Abuja. Hoton da za a gane fuskarki a ciki bayananki ne, kuma mai hoton biki sana'a yake yi, ba zai fake da cewa na amfanin gidansa ne ba.

Ni abin da ya fi damuna ba shawagin ba ne, inda hoton zai ƙare ne. Batirin ƙananan nan wajen rabin awa yake yi, bidiyon kuwa in ya shiga TikTok ko WhatsApp, kiransa ya wuce. Ga jiragen na ƙara araha, ga manhajojin gane fuska, ga jami'an tsaro su ma na amfani da su wajen sintiri. Wa ke ajiye abin da aka ɗauka, har zuwa yaushe?

Kada yara su harbo jirgin da danƙo, zai iya faɗowa kan wani, a kuma ce ku biya. Mai sarrafa shi yawanci yana kusa. Maigida ya same shi ta hannun masu bikin, ya sa shi ya goge ɓangarenku a gabansa kafin a haɗa bidiyon. In ya ƙi, sai mai unguwa, sai 'yan sanda, sai ƙorafi a rubuce ga NDPC.