Ina zan samu tsofaffin Newswatch, kuma wa ya riƙe ta bayan Dele Giwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ina digiri na biyu a fannin aikin jarida, bincikena a kan mujallar Newswatch ne, yadda editocinta suka riƙa canzawa da yadda ta kasance a zamanin soja. Matsalar ita ce duk abin da nake gani a intanet labarin mutuwar Dele Giwa ne kawai ake ta maimaitawa. Dan Allah ina ake samun tsofaffin fitowarta, kuma akwai inda aka ajiye takardun ofishinsu?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Abu biyu ka tambaya kuma gara ka raba su tun yanzu don hanyarsu ba ɗaya ba ce. Akwai mujallar da aka buga aka sayar a titi, wannan ana samu in an sha wahala. Akwai kuma takardun cikin gida, wato littafin da ɗan rahoto ya yi rubutu a ciki, kaset ɗin hira, hotunan da ba a buga ba, bayanin taron editoci, wannan kam wani zance ne daban, zan zo kansa.

Bari in fara da mutanen, don in ba ka san su ba ko an tara maka mujallun a gabanka ba za ka gane abin da kake kallo ba. Mutum huɗu ne suka kafa ta a 1984: Dele Giwa, Ray Ekpu, Dan Agbese da Yakubu Mohammed, fitowar farko kuma 28 ga Janairu 1985 a Legas. Uku daga cikinsu daga gidan Concord na MKO Abiola suka fito, Giwa shi ne editan Sunday Concord, Yakubu Mohammed editan National Concord, Ekpu kuma yana shugabantar kwamitin da ke rubuta ra'ayin jarida. Shi Agbese daga New Nigerian ta Kaduna ya taho inda ya yi edita, kafin nan ya riƙe Nigeria Standard a Jos, Yakubu ma ya yi New Nigerian tun farko. To ka ga rabin masu gidan a jaridar Kaduna suka goge, abin da mutanenmu da yawa ba su lura da shi ba sai su ce ai mujallar 'yan Legas ce kawai. Salon kuwa na Time da Newsweek na Amurka suka ɗauko, babban labari guda a bango, 'yan rahoto da yawa su kawo nasu, mutum ɗaya ya zauna ya haɗa ya rubuta da murya ɗaya, Giwa ya yi aiki a New York Times kafin ya dawo gida shi ya sa abin bai yi masa baƙo ba.

Ka kuma lura da lokacin da aka haife ta. Buhari ne a kan mulki, Doka ta 4 ta 1984, wadda ta takura wa 'yan jarida kan abin da za su buga game da jami'an gwamnati, tana aiki, an riga an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na Guardian a kanta. A Agusta 1985 Babangida ya karɓa ya soke dokar, 'yan jarida suka yi ta murna. In ka samu fitowar ƙarshen 1985 ka karanta ka ji muryar da ake magana da ita a kan sabuwar gwamnati, sannan ka ɗauko ta ƙarshen 1986 ka ajiye kusa da ita, wallahi babi guda ne na aikinka a nan ba sai ka je nesa ba.

Ranar 19 ga Oktoba 1986, ranar Lahadi, aka kai wa Giwa ƙunshin saƙo mai bom a ciki gidansa a Ikeja, ya fashe a jikinsa ya rasu a ranar, Kayode Soyinka wakilinsu na Landan yana ɗakin ya tsira. Gani Fawehinmi ya yi ta jan shari'a yana neman a gurfanar da manyan jami'an tsaro biyu, Halilu Akilu da A.K. Togun, har Kotun Ƙoli, daga baya maganar ta sake tasowa a gaban kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan Adam da Obasanjo ya kafa a 1999. Waɗanda aka zarga sun musanta, Babangida ma ya sha musantawa, kuma har yau babu wanda kotu ta kama da laifin. Haka za ka rubuta shi a aikinka, zargi a matsayin zargi, kar ka bari zafin Facebook ya shiga maka alƙalami. Na san nan kowa yake tsayawa, amma mujallar ba ta kai shekara biyu ba lokacin, ta kuma yi fiye da shekara ashirin da biyar bayansa, wannan dogon zangon shi ne ba a cika rubutawa ba kuma shi ne naka.

Bayan Giwa, Ray Ekpu ne ya zama babban edita, daga baya Dan Agbese ya riƙe kujerar shi Ekpu yana shugabantar kamfanin. A Afrilu 1987 suka buga abin da ke cikin rahoton Political Bureau, kwamitin Samuel Cookey da aka sa ya tsara yadda za a koma farar hula, tun gwamnati ba ta fitar da shi ba, sai aka rufe ofishinsu aka yi doka musamman da sunan mujallar, Doka ta 6 ta 1987, ta haramta ta wata shida. Wannan yana da amfani gare ka a aikace: in kana bin fitowar 1987 ka ga daga Afrilu an yi tsalle na watanni, ba laburare ne ya ɓatar ba, ba a buga ba ne. Ɗalibai da yawa sai su rubuta wai “ba a samu ba”, alhali giɓin shi kansa shi ne labarin. A 1994 zamanin Abacha aka tsare Ekpu da Agbese da Yakubu saboda hirar da mujallar ta yi da tsohon hafsan soja David Mark.

Sai tsagewar 1991, wadda a ganina ta fi komai canza gidan bayan bom ɗin. Nosa Igiebor, Dele Omotunde, Onome Osifo-Whiskey, Dare Babarinsa da Kolawole Ilori suka fita suka kafa Tell. A 1993 TheNews ta zo, su Bayo Onanuga da suka baro African Concord. Waɗannan biyun suka ɗauki zafi, suka riƙa buga mujalla a ɓoye ana ƙwace kwafe suna canza maɗaba'a, Newswatch kuma ta tsaya a kan nata salon na natsuwa, sai masu karatu da yawa a kudu suka ce ta yi sanyi. Ko sanyi ne ko dattako ne, kai za ka yanke da hujja, amma ba za ka iya ba sai ka jera su uku mako guda ka ga yadda kowacce ta ɗauki labari ɗaya, misali soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. Kuma dan Allah ka sa Citizen ta Kaduna a cikin jerin, wadda Mohammed Haruna da abokansa suka fara a 1990, don ita ce za ta nuna maka yadda ake kallon abin daga nan arewa, ban ga dalilin da ɗalibi zai zauna a Kano ko Zariya yana kwatanta mujallun Legas da junansu kaɗai ba.

Ƙarshen zangon kuma 2011 ne, lokacin da ɗan kasuwa Jimoh Ibrahim ya sayi kashi 51 na kamfanin, a 2012 aka dakatar da bugawa, tsofaffin masu gidan suka fita, rigimar ta ɗauki shekaru a kotu.

To ina ake samunta. Fara da kusa: Laburaren Kashim Ibrahim na ABU Zariya, Arewa House a Kaduna, da sashen jaridu da mujallu na laburaren jami'arku, je ka tambayi wanda ke kula da sashen kai tsaye ka ce a nuna maka waɗanda aka ɗinke aka yi wa bango, kar ka dogara da katalog. Sai Laburaren Ƙasa, don dokarsa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga abu na kasuwa ya kai kwafi uku, saboda haka nan ne ya kamata a ce jerin ya fi cika, amma doka daban bin doka daban, musamman shekarun da ake buga abu ana gudu. Laburaren Kenneth Dike na Jami'ar Ibadan ma wuri ne da ya kamata ka rubuta wa. A waje kuwa akwai Laburaren Herskovits na Jami'ar Northwestern a Amurka, da Library of Congress, da laburaren SOAS na Jami'ar Landan, da wani haɗin gwiwa da ake kira CAMP a ƙarƙashin Center for Research Libraries a Chicago waɗanda tun 1963 suka riƙa ɗaukar jaridun Afirka a maikurofim, wato ƙananan hotunan shafuka a kan fim. Abin takaici ne amma gaskiya ce, sau da yawa takardunmu sun fi samun sanyi da kulawa a can. Ka aika musu imel da takamaiman kwanan wata da shafi, wanda ya ce “ku turo min duk Newswatch” babu mai kula shi. A gida akwai Archivi.ng da Fu'ad Lawal ya jagoranta, suna sikanin tsofaffin jaridun Najeriya suna sawa a intanet, ka riƙa leƙawa don suna ƙarawa.

Ka sa a ranka ba za ka samu cikakken jeri wuri ɗaya ba, haɗawa za ka yi. Ka ɗauki littafi ka ja layi, mako-mako daga Janairu 1985, kowane mako ka rubuta inda ka gan shi da halin da yake ciki. Na taɓa buɗe wani ɗauri a wani laburare na tarar an bi bangon da Giwa ke kai an yanke da reza tsaf, cikin yana nan, kuma mai ɗinkin ya datse gefen takarda har lambar shafi ta tafi. Irin wannan za ka gani. Takardar ta tsufa ta yi ruwan ƙasa tana karyewa, kar ka danne ɗaurin a kan injin fotokwafi, waya ta isa, kusa da taga, ba filasha, kuma kullum ka fara ɗaukar bango da shafin da ke da kwanan wata da lambar fitowa kafin labarin, in ba haka ba bayan wata biyu za ka zauna da hotuna ɗari uku ba ka san na wace shekara ba ne. Kwanan watan da ke bango ma ka yi hattara da shi, mujallar mako sau da yawa tana riga kwanan nata fitowa titi, to kar ka gina hujjar “sun buga kafin abu kaza ya faru” a kansa kaɗai.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Tarihin editocin da kake nema yana cikin wannan ɗan siririn shafin da ake jera sunayen ma'aikata, wanda kowa ke tsallakewa. Ka ɗauki hotonsa duk wata uku. Za ka ga wanda ya shigo a ɗan rahoto ya zama mataimakin edita, wanda sunansa ya ɓace dare ɗaya, lokacin da aka buɗe ofishi a wani gari ko aka rufe, canjin adireshi, canjin daraktoci. Fitar su Igiebor a nan za ka gan ta da idonka ba sai wani ya ba ka labari ba. Ka haɗa da farashin da ke bango, da yawan shafuka, da su wa ke ba da talla, bankuna ne ko gwamnatocin jihohi, don ranar da tallar gwamnati ta fi ta 'yan kasuwa yawa a mujalla to akwai abin da za a duba a labaranta. Wasiƙun masu karatu ma kar ka raina, garuruwan da ake rubutowa daga ciki suna nuna maka iya inda take kaiwa.

Takardun ofis kuwa, a nan ne zan rage maka buri. Newswatch kamfani ne na 'yan kasuwa, ba ma'aikatar gwamnati ba, saboda haka Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Ibadan da Kaduna da Inugu ba ita ce gidan fayilolinta ba, can takardun hukuma ne suka fi yawa. Gidan jaridar da aka rufe da doka, jami'an tsaro suka shiga suka fita, aka tsare editoci, sannan aka sayar aka yi shari'a a kan mallakarsa, ba wurin da takarda ke zama lafiya ba ne, kuma a zamanin soja ajiye kaset ɗin hira ko sunan wanda ya tsegunta maka labari haɗari ne gare ka da shi, ɗan jarida mai hankali ba ya tara irin wannan a durowa. Sai ka zagaya ta wasu ƙofofin. Takardun kotu na shari'o'in Gani da na rigimar hannun jari, a nan dole kowa ya kawo takarda ya rantse. Fayil ɗin kamfanin a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, wanda lauya zai iya nema maka, zai nuna daraktoci da masu hannun jari da lokacin da suka canza. Gazet ɗin gwamnati don ka ga Doka ta 6 da kalmominta. Rahoton Oputa. Sai abin da su editocin suka rubuta da kansu daga baya game da rayuwarsu, ka karanta amma ka tuna kowa gefensa yake bayarwa.

Sannan mutane. Kar ka tsaya neman manya kaɗai, su an yi hira da su har sun haddace amsa. Daga wancan shafin sunayen ka fitar da masu ɗaukar hoto, masu gyaran rubutu, mai kula da laburaren gidan, wakilan Kaduna da Kano da Jos, da yawa sun koma koyarwa ko wasu gidajen jaridu, ofishin ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ na jiha zai iya haɗa ka da wasu. Ka je da kwafin shafin da sunan mutum yake ka ajiye masa a gaba kafin ka yi tambaya, za ka ji abin da ba zai faɗa ba in da hannu sake ka je. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka kuma tambaye shi ko yana da tsofaffin kwafe a gida, don wani lokaci makon da ka rasa a laburare uku yana cikin kwali a ƙarƙashin gadon wani tsohon wakili.

Shawara ta ƙarshe a kan girman aikin: 1985 zuwa 2012 ya fi ƙarfin digiri na biyu, fitowa sama da dubu ce. Ka zauna da malamin da ke duba aikinka ku yanke, ni da 1985 zuwa 1994 zan ɗauka, in kuɗin mota ya yi kaɗan ma a tsaya a 1991.