Likita ya ce garkuwar jikina ce ke cin hanjina

Assalamu alaikum Anti. Shekara biyu ina fama da gudawa mai jini da majina, ga murɗawar ciki, na rame har zobe ya daina zama a yatsana. Maganin basir da na atini babu wanda ban sha ba. Da aka leƙa hanjina da na'ura, likita ya ce ciwon kumburin hanji ne, ulcerative colitis, wai garkuwar jikina ce ke yaƙar hanjin. Ya rubuta min maganin da zai rage mata ƙarfi. Maigidana ya ce ina aka taɓa rage wa mara lafiya garkuwa? Sati uku ke nan da na ajiye maganin, jinin kuma ya dawo. Ya zan yi?

Wa alaikis salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ki koma wurin likitanki cikin satin nan, ki faɗa masa kin ajiye magani. Idan prednisolone ne kika daɗe kina sha, yanke shi lokaci guda ma haɗari ne.

Tausayi ne ya sa maigida faɗin haka, sai dai garkuwarki ba rauni ta yi ba, wuce gona da iri ta yi. Hanjin kowa cike yake da bakteriya masu amfani, ƙwayoyin garkuwar da ke gadin bangon hanji kuma sun saba zama da su lafiya. A ciwon nan zaman ne ya lalace. Masu gadin farko, makrofaj, sai su riƙa sakin wani sinadari mai suna TNF, tamkar yekuwar yaƙi. Ƙwayoyin garkuwar da ake kira T su ƙara zuga wutar, wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna nutrofil su yi dafifi a fatar hanji har ta yi gyambo. Jinin da kike gani daga nan yake fitowa. Gwajin bayan gida na calprotectin ma sawun waɗannan nutrofil ɗin yake bi.

Magungunan kowanne da inda yake taɓawa. Mesalazine a fatar hanjin yake aiki. Azathioprine yana rage hayayyafar ƙwayoyin T, shi ya sa ake yi wa mai shan sa gwajin jini a kai a kai. Infliximab da adalimumab kuwa TNF ɗin suke kamewa. A nan tsoron maigida yana da tushe, domin wasunsu kan buɗe ƙofa ga cututtuka, don haka ake gwajin tarin fuka da ciwon hanta nau'in B kafin a fara su. Ki tafi da shi asibiti ya yi tambayoyinsa da bakinsa, ya kuma ji cewa ba a ɗaukar ciwon daga wani.

Ki guji ibuprofen da diclofenac, suna iya tayar da shi. In kuwa kina zagawa da jini sau 6 ko fiye a yini, ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, kada ki jira ranar ganin likita, ki tafi asibiti a ranar.